Rufin Ɗakin Gwaggo

Lakwaya, ranar Talata

Zuwa ga taubashina Malam Lurwanu, likitan Kabo da kewaye,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Saudatu da yara. Yaya aiki, yaya fama da marasa lafiya? Mu nan alhamdu lillahi kowa da ransa da lafiyarsa, kuma na sa wannan a gaba ne don kada gabanka ya faɗi kafin ka kai ƙarshen takardar.

Na san za ka ce yau Badi'a ta tuna ta taɓa shiga aji. Ba da son raina ba ne. Iskar da aka yi ranar Alhamis ta wancan makon bayan la'asar ta kayar da ƙarfen sabis na bakin gari, wayoyinmu duk sun koma fitilar haska ɗaki. Shi ya sa na ba Ɗanladi direba wannan, tunda akori-kurarsa ba ta rasa zuwa Kabo.

Iska kam mun gan ta. Hadari ya haɗo daga gabas muna ta murna za a samu na shuka, ni har na jera bokitai a bakin indararo. Kafin in juya sai ga kwanon rufin mutane yana yawo a sama. Ta yaye gidaje da dama a unguwarmu, ta tuge darbejiyar ƙofar masallaci, sannan ruwa ya biyo baya ya yi kwanaki yana zuba. Akuyarmu a gidan maƙwabta muka same ta, zaune a kan buhu tana tuƙa kamar gayyatarta aka yi.

Amma da ka ga garin nan yanzu da ka yi farin ciki. Tun da sama ta washe ake gayya, yau gidan wannan gobe na wancan. Sharfaddeen kafinta ne ja-gaba, muryarsa har ta dushe. Jalo yana bin gonaki da amalankensa yana tsinto kwano, ya jibge a ƙofar mai unguwa kowa ya zo ya gane nasa. Wasu tsofaffi biyu sun kusa raba hali a kan falle ɗaya, daga baya aka gane na bayan gidan masallaci ne. Mutanen Sabon Birni ma sun zo da ƙusa da tsani. Maza suna sama, mu muna ƙasa muna tuƙi, ana waƙa ana tsokana. Maƙwabciyarmu Zinnira ta ɗauki nauyin kunun zaƙi a kowace gayya, wani irin kunu da sai ka lashe ludayi.

Sai maganar Gwaggonka. Rufin ɗakinta ya tafi gaba ɗaya, rumbunta ya kife, dawar ta yi kwanaki a jiƙe a ƙarƙashin ƙasa har ta yi tsiro. Ta ce wa Zinnira ta kwashe ta ba kaji, ba ta son ganinta. Yanzu tana wurina lafiyarta ƙalau, tana koya min wanke tukunya bayan na aurar da 'ya. An kusa gama rufe unguwa, ɗakin Gwaggo ne kaɗai ba a taɓa ba, yana nan a buɗe. Ta ce in gaya maka ka share mata ɗaki, Kabo za ta koma.

Ga Ɗanladi can yana ta danna ham kamar zai fasa mana kunne. Sauran bayani sai a ta gaba.

Taubashiyarka,
Badi'a

Kabo, ranar Alhamis

Zuwa ga Badi'a,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun gode Allah da ya tsayar da abin a kan dukiya. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke fitar da haƙori ta hana kowa sakat. Ki gaida maigidan, ki yi wa duk wanda abin ya shafa jaje a madadina.

Na yi dariyar akuyarki, amma da na zo ƙarshen takardar dariyar ta tsaya. Na maimaita layin nan har Saudatu ta karɓe takardar daga hannuna. An rufe gidan kowa, an bar na Gwaggo a buɗe. Badi'a, raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Matar nan ita ta riƙe ni tun ban san damana da haguna ba, don haka na san abin da nake faɗa. Tun ina yaro ban taɓa ganin an yi gayya a Lakwaya ba tukunyarta a kan murhu ba, ta noma ce ko ta gini. Shi kansa Sharfaddeen, ranar da aka ɗora rufin shagonsa, wa ya tuƙa tuwon? Yau da ta zama gwauruwa, rumbunta ya kife, sai aka tsallake ƙofarta. Ashe tuwon ake so ba mai tuwon ba. Ke kuma kina maƙwabtaka da ita kina ba ni labarin kunu.

Da so samu ne da yau na taho. Abokin aikina yana hutu, ni kaɗai ne a ɗakin shan magani, ga zazzaɓin farkon damina ya cika benci da yara. Da zarar ya dawo zan yi shatar motar Ɗanladi in zo in kwashe ta da kayanta. Saudatu ta riga ta share ɗakin kusa da namu, ta shimfiɗa sabuwar leda.

Sai dai ni na san Kabo ba za ta karɓe ta ba. Zuwanta na ƙarshe, wuni take a bakin ƙofa tana tambayar masu wucewa ko sun biyo ta Lakwaya, abinci ma sai da lallashi. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a cikinsa mijinta Malam Nata'ala ya cika. In na ɗauko ta, gangar jikin kawai zan kawo. Amma gara haka da a ce tana raɓe a gidan wasu, gari yana kallo.

Ki gaishe min da ita, ki ce ta haɗa kayanta.

Lurwanu

Lakwaya, ranar Lahadi

Zuwa ga sarkin masu saurin fushi na Kabo,

Bayan sallama da gaisuwa, Allah ya raba 'yar ƙaramar da haƙorin nan lafiya, ya ba yaran benci sauƙi. Mu ma lafiya lau, maigidan yana amsawa.

Na ga takardarka, ko taubashiya ba ka kira ni ba, sai Badi'a tsurarta kamar za ka yi min allura. Laifin Ɗanladi ne da ham ɗinsa, ya sa na ba ka kan magana na bar gangar jikin. To ka zauna ka ji, kafin ka gama tsine wa garin da aka yanke maka cibiya.

Gidan Gwaggo aka fara nufa, kafin na kowa. Sharfaddeen ya zo da tsaninsa da jama'arsa da sassafe, ta tare su a bakin ƙofa.

Ta ce, “Wa ya kira ku?”

Ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, ai ba sai kin kira ba.”

Ta ce, “Ɗan nan, gayya kiranta ake yi, kuma wanda ya kira shi ke ciyarwa. Ni ba ni da ƙwayar da zan jiƙa. Tun da nake ba a taɓa hawa katangata da yunwa ba, ba kuwa za a fara da tsufana ba. Ku je ku rufe wa masu yara.”

Ka san Gwaggonka in ta kafe. Mun kai mata hatsi, kowace mace da kwanonta, muka ce ta yi tuwon da shi. Ta sa aka mayar wa kowa nasa, ta ce ba za ta yi baƙunta da hatsin aro ba, bare na sadaka. Mai unguwa da kansa ya tako, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi ruwa, ta raka shi da addu'a, bai samu komai ba. Liman ya yi mata nasiha, ta ce ta ji ta gode. Abu ɗaya ta yarda da shi, a lulluɓe kan katangar da tamfol, wai tamfol ba ya cin tuwo.

Kada ka ga ina wasa, abin yana damuna. Ruwan shekaranjiya ya fara zaftare bangon gabas. Sharfaddeen ya ce in manyan ruwa suka sauka a haka, ba za a samu bangon da za a ɗora wa rufin ba. Kwanon rufinta kuwa Jalo ya tsinto su duka, an miƙe su an jingine, katako ma an haɗa. Komai yana nan, izininta kawai ake jira. Da yamma sai ta zagaya ta tsaya a tsakar gidan tana kallon ɗakin, ta dawo ta ce ƙura ce ta faɗa mata a ido.

Ba ta son zuwa Kabo, ni da kai mun sani. Kunya ce za ta kore ta, ba mutane ba. Don Allah kada ka zo da mota yanzu, in ta ga mota za ta shiga don kada ta ba ka kunya kai ma. Ka ba mu lokaci mu ga ta inda za mu ɓullo mata.

Taubashiyarka ko ka so ko ka ƙi,
Badi'a

Kabo, ranar Laraba

Badi'a,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da maigidan da Gwaggo. Mu nan lafiya.

Kullum sai na leƙa tasha, ba takarda ba saƙon baki. An ce motar Ɗanladi tana gareji a Gwarzo, amma ai ba shi kaɗai ke bin hanyar ba. Na ɗauka shirun nan amsa ce, ba ki da abin da za ki kare mutanenku da shi. In kuma maganata ce ta yi miki zafi, ki yi haƙuri, amma ban janye ta ba.

Ga wannan ta hannun wani mai babur. Abokin aikina ya dawo, an kuma ce motar za ta fito jibi. Ranar Asabar in Allah ya yarda muna tafe. Ki taimaka a ɗaure mata kayanta, har da babbar tukunyar, kada a bar musu ko muciya. Ba zan daɗe ba, sai dai ina da 'yan kalmomi da zan faɗa a ƙofar mai unguwa kafin mu juyo.

Lurwanu

Kabo, ranar Litinin

Zuwa ga taubashiyata, uwar ɗakina Hajiya Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa a durƙushe, in kina so in ƙara da faɗuwa. Yaya gajiyar aiki, yaya Gwaggo da sabon ɗaki? Mun iso gida lafiya, haƙorin 'yar ƙaramar ya fito, babban yatsana ne dai har yanzu a kumbure.

Bari in gaya miki inda takardarki ta ranar Lahadi ta maƙale. Mun kusa shiga Lakwaya taya ta yi faci, Ɗanladi ya ɗaga kujera yana neman sifana, sai ga ta a ƙasa duk baƙin mai. Ya miƙo min ya ce, “Malam, ashe kana da saƙo.” A bakin hanya na karanta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga ni da mota, abin da kika ce kada in yi, ga jawabin da na kwana biyu ina haddacewa don in wanke mutanen gari tas.

Na shigo unguwa ina tunanin yadda zan ɓoye motar, sai na ji kiɗan guduma. Mutane a kan ɗakin Gwaggo kamar ana rabon wani abu, rufi ya kai rabi, mata sun cika tsakar gida, ita kuma tana tsaye a kan wata babbar roba da ludayi a hannu tana ba da umarni. Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Kafin in gama gaisawa Sharfaddeen ya danƙa min guduma ya ce masu allura ma yau sai sun hau. Falle ɗaya na buga, shi ma rabin dukan a yatsana ya sauka, jama'a suna ta yi min kirari.

Na nemi gafarar mai unguwa a kan maganar da bai ma san na yi niyyar faɗa ba, ya yi ta dariya. Ke ma ki yafe min. Na munana wa mutanen kirki zato, kuma na ji kunya.

Abin da ban samu ba shi ne bayani. Ke kina can cikin hayaƙi, ni kuma dole in juyo kafin magariba saboda aiki. Na tambayi Gwaggo yadda aka yi ta yarda, ta ce in sha kunu in yi shiru. Motar da na kawo don kayanta, jarkar kunu kaɗai ta ɗauko. Matar da ta mayar da mai unguwa da liman, me kuka yi mata? Ki rubuto, kuma wannan karon ki ba mai babur.

Taubashinki mai neman afuwa,
Lurwanu

Lakwaya, ranar Juma'a

Zuwa ga Malam Lurwanu, kafintan Kabo,

Wa alaikumus salam. Na karɓi gaisuwa, faɗuwar kuma na ajiye sai ka zo ka yi ta a gaban jama'a. Barka da fitowar haƙori, Allah ya raya. Yatsa kuma ka san inda ake ba da magani. Kowa a nan yana gaishe ka. An tayar da ƙarfen sabis jiya, amma Gwaggo ta ce in rubuta, wai maganar waya iska ce ke kwashe ta, ita kuwa ta ga abin da iska ke yi.

Ba dabarar kowa ba ce, Allah ne ya kawo. Ranar da takardarka ta biyu ta zo, na rasa abin da ke min daɗi, na shiga wurin Zinnira in huce. Tana tace kunu, na ce ita kuwa ina take samun sukarin da take zubawa haka a wannan tsada. Sai ta waiga, ta rage murya ta ce, “Ki rufa min asiri kada Gwaggo ta ji. Ba sukari ko ɗaya, dawarta ce.”

Ashe da aka ce ta ba kaji, ta duba ta ga tsiron ya fito fes, irin wanda muke wahalar jiƙawa da lulluɓewa don ya zaƙaƙa kunu. Ta tsince mai kyau, ta wanke ta shanya ta adana. Kafin ka fara min wa'azin asibiti, duk mai fumfuna ta zubar. Da shi take ta zaƙaƙa kunun kowace gayya, tana ɓoyewa don kada a ce ta saɓa maganar babba. Na rungume ta har muka kusa kifar da robar.

Na gaya wa maigidan, ya gaya wa Sharfaddeen a masallaci. Ranar Asabar da hantsi Gwaggo ta ɗaure kayanta, ta yafa mayafi, ta zauna a kan ƙullin a tsakar gidanta tana jiran motarka. Sai ga maza da tsani, Zinnira a gabansu da ƙwaryar kunu.

Gwaggo ta ce, “Sau nawa zan faɗa? Ban kira gayya ba.”

Sharfaddeen ya durƙusa ya ce, “Ba ki kira ba, Gwaggo, amma kin ciyar. Duk gidan da muka rufe a unguwar nan, kununki muka sha. Mun sha kafin mu yi aiki, yanzu aikin muka zo yi.”

Ta ce, “Yaushe na dama kunu ban sani ba?”

Zinnira ta miƙa mata ƙwaryar. Ta kurɓa, ta sake kurɓa. Ka san dawarta kaura ce, irin da Malam Nata'ala ya bari, tana da wani ƙamshi da ba a rasa ganewa. Ta dubi Zinnira ta ce, “Wannan kaurata ce.” Zinnira ta sunkuyar da kai ta ce kajin ne ba su samu ba.

Gwaggo ba ta saki nan take ba, ka san ta. Ta ce gasarar ai ta masu gida ce. Jalo daga baya ya ce, “Gwaggo, gasara kowa yana da ita, mu zaƙin muka sha.” Aka kwashe da dariya, ita kuma ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi, ba wanda ya san kuka ne ko dariya. Ni dai kuka na yi.

Da ta buɗe fuska sai ta ce, “Citta ta yi kaɗan. A kawo min turmi.” Ta kwance ƙullin da kanta ta ciro ludayi. Da muka ce to tuwo fa, ta ce tunda kunun nata ne, kowa ya kawo garinsa, tuwo rakiyar kunu ne kawai. A haka ka same mu.

Yanzu ga saƙon da ta sa ni rubutawa. Shekaranjiya aka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda muke tsoro. Ɗakin ya tsaya daram, ko'ina a bushe, sai wuri ɗaya daga kusurwar ƙofa da yake ɗiga. Sharfaddeen ya duba ya ce fallen likita ne, ƙusar ta karkace, yanzu zai hau ya gyara. Gwaggo ta hana. Ta tara kwano a wurin ta ce ba mai taɓa shi, wanda ya buga shi zai zo ya gyara abinsa, kuma ya taho da Saudatu da yara, su kwana biyu, akwai sauran tsiro.

Ɗazu da aka yi yayyafi na leƙa, na same ta zaune a bakin gado tana sauraren ɗigon a cikin kwano tana murmushi. Na ce Gwaggo wannan ƙarar ba ta dame ki ba? Ta ce tun da ka tafi Kabo take neman abin da zai dawo da kai gida ya zaunar da kai, sai yanzu ta samu.

Ka zo da gudumarka. Amma in ka ji shawarata, kada ka gyara shi sosai.

Taubashiyarka,
Badi'a